Kwana Uku a Ruwa: Sana'ar Rogo da Gadon Farfesa Osuntokun

A kasuwannin da ke kewaye da Lafia, daga Agyaragu zuwa Doma, daga Asakiyo zuwa Obi, doya ce abin tinƙaho. Ita ake lissafawa ƙwarya-ƙwarya, ita manyan motoci ke lodi zuwa Kano da Legas da Fatakwal, da ita kuma ake auna ƙarfin manomi. Amma idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, tsohuwar doya ta ƙare sabuwa ba ta fito ba, rogo ne ke riƙe da gida. Da shi ake tuwon alabo da teba, shi ne garin kwakin da ɗan makaranta ke jiƙawa da sukari da ƙuli, yana cikin ɗanwake, yana kan farantin talla dafaffe da yaji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan abinci yana fitowa daga gona da gubarsa, kuma aikin hannu ne kaɗai ke raba shi da ita: ɓarewa, gurzawa, jiƙawa, matsewa, shanya da tuya, mafi yawansu aikin mata. Matsayina a nan shi ne kwanakin da rogo ke yi a ruwa, ko a cikin buhu ƙarƙashin dutse, suna cikin manyan matakan kare lafiya da talakan ƙasar nan ya gada, kuma mutumin da ya fi kowa tabbatar da hakan da hujjar asibiti shi ne wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Ibadan, Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun. Ba ɗan Nasarawa ba ne, kuma a ƙasar Yarbawa ya yi bincikensa, amma duk garin da rogo ya zama abincin kullum yana da rabo a cikin abin da ya gano.

Rogo baƙo ne a Afirka. Asalinsa Kudancin Amurka ne, inda mutanen dazuzzukan Burazil suka shafe dubban shekaru suna gurza shi, suna matse ruwansa, suna gasa garinsa. Turawan Fotugal ne suka tsallako da shi a ƙarni na 16, suka dasa shi a bakin kogin Kwango da tsibirin Sao Tome da wasu tashoshinsu na gaɓar teku. Sai dai itacen ya riga iliminsa tafiya. Kara ɗaya aka yanka aka soka a ƙasa ya isa ya zama gona, amma sanin yadda ake kashe ɗacinsa sai an zauna da wanda ya iya. Shi ya sa ya daɗe a gefen gonaki a Afirka ta Yamma mutane suna ɗari-ɗari da shi. Sai a ƙarni na 19, da 'yantattun bayi suka dawo daga Burazil suka zauna a Legas da Badagiri da garuruwan da ke kusa, sana'ar gari ta kafu sosai, daga nan ta bazu cikin ƙasa. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa annobar mura ta 1918, wadda ta kwashe majiya ƙarfi, ta tura mutanen yankin kogin Kwara na ƙasa zuwa ga rogo, domin doya tana son ɗaurin kunya da sanda da hannu da yawa, rogo kuwa yana haƙuri da ƙasa marar ƙarfi da manomi marar mataimaki.

Lafia tana kan hanyar da wannan canji ya bi. Garin da Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa wajen ƙarshen ƙarni na 18 ya zama babbar kasuwa a zamanin Sarki Muhammadu Agwai, tsakanin 1881 da 1903, lokacin da fatake ke bi ta nan zuwa Loko a bakin Binuwai. Daga baya layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, ya ratsa Lafia ya haɗu da Kafanchan a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Jirgin ƙasa ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, su kuma suka zo da garinsu da ɗanɗanonsu. Bayan an kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967, irin rogo na TMS da ayarin Dokta Sang Ki Hahn ya fitar daga ƙarshen shekarun 1970 ya ƙara yawan amfanin gona, injin gurza ya rage wahalar hannu, har Najeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace noman rogo a duniya, da kimanin tan miliyan 60 a shekara. A nan akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Bahaushe ya saba da rogo mai zaƙi, wanda ake dafawa a ci da ƙuli, yara ma su ɓare su ci ɗanye a gona. Mutumin kudu ya saba da mai ɗaci, wanda ba a kusantarsa sai an sarrafa. A ƙasar da Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Barebari da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, al'adun nan biyu sun haɗu, kuma haɗari yana faruwa ne daidai inda aka ɗauko rogon wata al'ada aka yi masa girkin wata.

Likitocin zamanin mulkin mallaka sun hango matsalar tun kafin su gane ta. A shekarun 1930 Fitzgerald Moore ya ba da rahoton ɗaliban makarantun kwana a kudancin Najeriya da ganinsu ke raguwa, bakinsu na tsagewa, abincinsu kuwa kusan gari ne zalla. Wani likita mai suna Clark ya yi zargin gubar sayanayid da ke cikin rogo. A 1958 G. L. Money ya bayyana wata cutar jijiyoyi da ta yi katutu a yankin Epe, gabas da Legas. Yadda cutar take abin tausayi ne, domin a hankali take cin mutum. Manomi ko mai sana'a ɗan shekara 40 ko 50 zai fara jin tafin ƙafarsa na zafi kamar ana tsira masa allura, daga baya ya daina jin ƙasar da yake takawa. Silifa zai sulluɓe daga ƙafarsa bai sani ba. Sai ya riƙa buɗe ƙafafu yana buga su da ƙarfi, idonsa na kan ƙasa, domin ido ne ya koma yi masa aikin da jijiya ta daina. Da dare ya yi, ko ya rufe ido zai wanke fuska, sai ya yi tangaɗi ya nemi bango. Wasu ganinsu ya dushe, wasu kunnensu ya yi nauyi. A ƙauye ba a rasa abin da za a ɗora wa laifi, daga jifa zuwa iska zuwa tsufa, kuma a asibiti ma abin da aka fi yi shi ne a rubuta ƙarancin abinci mai gina jiki a sallami mutum da ƙwayoyin bitamin.

An haifi Osuntokun a 1935 a Okemesi ta ƙasar Ekiti. Ya yi karatun likita a Ibadan ya gama a 1961, sannan ya tafi Birtaniya neman ƙwarewa. A Newcastle ya yi aiki ƙarƙashin Henry Miller da John Walton, kuma Walton yana cikin manyan masanan duniya a kan cututtukan tsoka da jijiyoyi, don haka saurayin ya dawo gida a tsakiyar shekarun 1960 da sanin yadda ake auna gudun saƙo a cikin jijiya da na'ura, da yadda ake karanta ɗan yankin jijiya a ƙarƙashin madubin likita. Wanda ya samu irin wannan horo yana iya zama a asibitin koyarwa yana jiran cututtukan da littattafan Turai suka san da su. Shi kuwa sai ya juya kayan aikinsa kan cutar talakawan Ijebu da Epe, wadda ba ta da wani matsayi a manyan littattafai. Abu na farko da ya yi shi ne ya ba ta iyaka. Ya ce za a ce mutum yana da cutar ne idan an samu aƙalla biyu daga alamomi huɗu: lalacewar hanyoyin ji a cikin laka, shanyewar jijiyar gani a ido biyu, kurumta a kunne biyu, da mutuwar jijiyoyin ƙafafu ta ɓangare biyu daidai. Wannan aiki ne da ba ya ɗaukar ido, amma in ba shi, likitan Ibadan da na Darussalam ba za su san ko cuta ɗaya suke magana a kai ba. Maƙalarsa da ta fito a mujallar Brain a 1968 ita ce har yau ake komawa gare ta, kuma a kan wannan batu ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1969.

Hujjojin da ya tara sun zo ta fuskoki da yawa, kuma haɗuwarsu ce ta ba su nauyi. A jinin marasa lafiya ya samu sinadarin tiyosayanet ya yi yawa, wanda shi ne abin da jiki ke mayar da sayanayid kafin ya fitar da shi ta fitsari. Gottlieb Monekosso, ɗan Kamaru wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka, da John Wilson na Landan sun riga sun ga alamar hakan a 1966, shi kuma ya faɗaɗa shi a kan ɗaruruwan mutane. Ya lura cewa idan an kwantar da su a asibiti aka rage musu rogo, ma'aunin yana sauka, idan suka koma gida ya sake hawa. Ya samu sinadaran gina jiki masu ɗauke da farar wuta sun yi ƙaranci a jininsu. A jijiyar da aka yanko an ga rigar da ke lulluɓe ta ta zube wuri-wuri, kamar wayar lantarki da robarta ta cinye, shi ya sa saƙo ke tafiyar hawainiya. Ya kuma ga miji da mata, waɗanda ba jini ɗaya ba amma tukunya ɗaya, suna kamuwa tare, abin da ke nuna ba gado ba ne. Hujjar da ta fi dacewa da mai karatu a Lafia ita ce ta 1969, wadda ya buga tare da Monekosso da Wilson a British Medical Journal. Sun kwatanta ƙauyuka biyu na Yarbawa, Ososa inda rogo ne abincin safe da rana da dare, da Akinmorin inda doya ta fi yawa. A Ososa cutar ta yi yawa, tiyosayanet ya yi sama. A Akinmorin abin ya sha bamban.

Don a gane dalilin, sai a tsaya a wurin masu gari a duba abin da hannunsu ke yi. A cikin saiwar rogo akwai sinadarin linamarin, akwai kuma wani sinadarin da ke farfasa shi, amma kowanne a ɗakinsa yake muddin saiwar tana lafiya. Da an gurza, ɗakunan sun rushe, sun haɗu, sayanayid ya fara fita. Ɓawo ya fi ciki guba, shi ya sa ɓarewa mai kyau take da muhimmanci, kuma shi ya sa akuyar da ta sha ruwan matsa take iya faɗuwa nan take. Idan aka ɗura markaɗen a buhu aka ɗora dutse ko aka ɗaure da jak, ruwan da ke tsiyaya yana tafiya da kaso mai yawa, tsamin da ke shiga cikin kwana biyu zuwa huɗu yana ba sinadaran lokacin gama aikinsu, sannan zafin kasko ya kori saura, domin wannan guba tana zama iska a zafin da bai kai na jikin mutum ba. Mai tuya da ke zaune gaban kasko tana juyawa da sakaina, idonta na hawaye, tana shaƙar wani kaso na abin da take cire wa masu saye, dalilin da ya sa rumfar tuya ke bukatar iska ta ko'ina. Alabo ma haka ne: rogon da ya kwana uku ko huɗu a ruwa har ya yi laushi yana marmashewa a hannu ya bar yawancin gubarsa a randa, amma wanda aka yanka gunduwa-gunduwa aka baza a gefen kwalta ba tare da jiƙo ba yana bushewa da kaso mai yawa a cikinsa. Abin da ya kuɓuta ya shiga ciki, jiki yana kashe shi ne da farar wutar da yake samu daga kifi da nama da ƙwai da wake da gyaɗa. Rogo kansa kusan babu abin gina jiki a cikinsa. Saboda haka mai cin teba da miya mai kifi da mai jiƙa gari da ruwa zalla ba su ci abu ɗaya ba, ko da daga buhu ɗaya aka auno musu.

Idan ana maganar tasirin malami, yawanci lissafi ake yi. Osuntokun ya buga maƙaloli sama da 300, a kan farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon kai da ciwon sukari da ruɗewar tsufa. Ya zama farfesa a 1970, shugaban tsangayar likitanci ta Ibadan daga 1974 zuwa 1978, shugaban asibitin koyarwa na UCH daga 1985 zuwa 1990, kuma ya jagoranci kwamitin da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara kan bincike. Binciken gida-gida da ayarinsa ya yi a Igbo-Ora a kan mutum kusan 19,000 ya zama abin koyi a ƙasashe masu ƙarancin likitoci, kuma aikin kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis da ya fara da Hugh Hendrie ya ci gaba shekaru da yawa bayan rasuwarsa a 1995. Duk wannan gaskiya ne, amma a ganina ma'aunin da ya fi shi ne abin da ya faru a arewacin Mozambik a 1981. Fari ya kashe komai sai rogo mai ɗaci, mutane suka riƙa tonowa suna ci ba tare da cikakken sarrafawa ba, sai ga mutum sama da 1,000, yawancinsu mata da yara, ƙafafunsu sun sandare cikin 'yan kwanaki. An fara zargin shan inna ko wata ƙwayar cuta. Likitocin da suka bi sawun abin, cikinsu har da Julie Cliff da Hans Rosling ɗan Suwidin, ba su fara daga duhu ba, domin tambayar rogo da ma'aunin tiyosayanet suna nan a rubuce daga Ibadan. Cutar da suka gani ita ce konzo, wadda wani likita ɗan Italiya mai suna Trolli ya bayyana a Kwango tun 1938. Ta bambanta da ta Ososa, domin farat ɗaya take zuwa kuma ba ta warkewa, amma tushen tambayar ɗaya ne.

Labarin da ya fi ba ni tsoro daga wannan zuriyar bincike shi ne na yankin Bandundu a Kwango, wanda Thorkild Tylleskär da Jean-Pierre Banea da abokan aikinsu suka bayyana a farkon shekarun 1990. Can ba fari ne ya tayar da cutar ba, hanya ce. Da aka shimfiɗa kwalta zuwa Kinshasa, motoci suka fara zuwa sayen rogo, matan da suka saba jiƙa shi kwana uku suka koma kwana ɗaya ko biyu don kada mota ta tafi ta bar su, abin da suka sayar kuma shi suka ci a gida. Konzo ta biyo baya. Babu wanda ya manta al'adar, kasuwa ce ta matse ta. Duk wanda ya san yadda dillali ke tsayawa a kan mai gari ranar jajibirin kasuwa yana cewa gobe da asuba zai yi lodi, ya san wannan matsi ba na Kwango kaɗai ba ne. Injin gurza da jak na matsa alheri ne, sun ceci hannaye da bayan mata, amma sun kuma sa ana iya tono rogo da safe a toya shi kafin faɗuwar rana, kuma injin ba ya iya gajarta lokacin da tsami ke bukata.

Akwai masu ja, kuma jayayyarsu ta farko mai ƙarfi ce, domin daga cikin masana ta fito. Sun ce har yau ba a tabbatar sayanayid ne kaɗai ke jawo cutar Ososa ba. O. S. A. Oluwole da A. O. Onabolu, tare da Rosling, sun koma Ososa a ƙarshen shekarun 1990 suka samu cutar tana nan, mutum 60 cikin 1,000, alhali a 1969 an ƙirga 22. Amma da suka je Jobele, wani garin Yarbawa da shi ma yake cin rogo sosai, sai suka samu alamar sayanayid a jiki ta yi yawa, cutar kuwa kaɗan ce ƙwarai. Bola Adamolekun kuma ya kawo hujjar cewa ƙarancin bitamin B1 na iya zama ginshiƙin matsalar. Wannan ja ne na gaskiya, kuma bai kamata a rufe shi ba. Amma a duba abin da ya rushe da abin da ya bari. Ya rushe tunanin cewa guba ɗaya ce ke aiki ita kaɗai. Bai taɓa gaskiyar cewa cutar tana bin gidajen da rogo ya mamaye tukunya kuma abin gina jiki ya yi ƙaranci ba, bai kuma taɓa hujjar konzo ba. Osuntokun da kansa ya gwada bitamin B12 da B2 a gwaji mai tsari a 1970 da 1974, ya ga ba su warkar ba, ya buga sakamakon yadda yake duk da bai yi masa daɗi ba, kuma a 1985 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton yiwuwar ƙarancin bitamin B1 a jikin marasa lafiyar. Waɗanda suka zo suka gyara masa sun yi amfani da ma'anar cutar da ya tsara, sun koma ƙauyen da ya zaɓa, sun kwatanta adadinsu da nasa. Malamin da aka bar wa aikinsa a kan kanta ba a taɓa ba, shi ne wanda bai yi tasiri ba.

Ja na biyu shi ne na mutumin gida: wannan ai ciwon Ijebu ne, mu nan muna da doya da dawa da masara da shinkafa, ga riɗi da agushi da wake, ga kifin Binuwai. Haka ne, kuma wannan bambancin abinci shi ne garkuwar ƙasar Lafia, shi ne darasin Akinmorin. Amma garkuwa ce da ke hannun wanda ke da gona da kwanciyar hankali. A farkon 2018 rikicin manoma da makiyaya ya raba dubban mutane da gidajensu a Awe da Keana da Doma da Obi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Iyalin da suka bar rumbunsu suka gudu, ko magidancin da albashinsa ya daina kai wa ga kifi da wake, abin da ke saura gare su shi ne mafi arha, kuma mafi arha shi ne gari da alabo. Wanda ya lallaɓa gonarsa cikin tsoro ya tono rogo ba shi da kwana uku na jira, ba shi ma da randar jiƙo. An kuma san fari yana ƙara wa saiwa ɗaci, kuma manomi yana da dalilinsa na son mai ɗaci, tunda ɓarawo da biri da dabba ba sa damunsa, yana kuma daɗewa a ƙasa. Ososa ba ta zama Ososa don Yarbawa ne ke cikinta ba. Talauci da tukunya ɗaya ne suka mai da ita haka.

Ja na uku ya fi kusa da zuciyata, domin na masu sana'ar ne: irin wannan magana tana ɓata wa gari suna, tana tsorata masu saye, alhali da shi mata ke biyan kuɗin makaranta. Amsa ita ce binciken bai ce a bar rogo ba. Miliyoyin mutane suna cin gari kullum lafiya lau, kuma dalilin lafiyarsu shi ne ƙwarewar waɗannan mata. Abin da binciken ya yi shi ne ya ɗaga darajar aikinsu daga girki zuwa kariya, ya kuma ba mai haƙuri hujjar da za ta nemi farashi fiye da mai gaggawa. Inda nake ganin masu ƙorafi suna da gaskiya shi ne ilimin ya tsaya a Turanci, a mujallun Landan da Jeniba, bai sauko rumfar tuya ba. Wannan gibi ne na gaske, amma ba laifin wanda ya yi binciken ba ne shi kaɗai, kuma an nuna ana iya cike shi. Howard Bradbury na Ostireliya ya fito da wata hanya mai sauƙi: a kwaɓa garin rogo da ruwa, a baza shi siriri a faranti, a bar shi awa biyar a inuwa ko awa biyu a rana kafin a tuƙa. Da Banea ya koyar da matan ƙauyen Kay Kalenge a Kwango wannan hanya daga 2010, sababbin kamuwa da konzo suka tsaya. Hanyar ta dace da gari irin alabo, wanda bai ga wuta ba, domin zafin tuya yana kashe sinadarin da ke yin aikin.

Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙira a 1996, yanzu tana da abin da Ibadan ke da shi lokacin da Osuntokun ya fara: Jami'ar Tarayya ta Lafia, asibitin Dalhatu Araf da ya zama na koyarwa, tsangayar aikin gona ta jami'ar jiha a Shabu, da kwalejin aikin gona a cikin gari. Kayan aikin da ake bukata ba su da tsada. Akwai takardar gwaji mai canza launi da Bradbury ya tsara, wadda ke nuna yawan guba a gari da yawan tiyosayanet a fitsari, kuma akwai ma'aunin da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa, miligiram 10 a kowane kilo na garin rogo. A ɗakin duba marasa lafiya kuwa, ɗan ƙarfe mai baki biyu da ake kaɗawa a ɗora a idon sawu, da umarnin a haɗa ƙafa a rufe ido, sun isa su nuna wanda ya kamata a bincika. Dattijon da ya zo da mutuwar ƙafa, bayan an auna masa sukari an duba kuturta da sauran sanannun dalilai, ya cancanci a tambaye shi me yake ci sau uku a rana, wa ke sarrafa shi, kwana nawa yake yi a ruwa, da kuma ko matarsa ma tana jin irin abin da yake ji. Samfurin gari da alabo kuma a ɗauke shi daga kasuwannin ƙauye a watannin Yuni da Yuli, lokacin da doya ta yi tsada kuma masu sarrafawa suka fi shiga matsi, a sake ɗauka bayan kaka a kwatanta.